Yadda A Ke Daidaita Injin Basfa Bayan An Ƙara Masa Ƙarfi

Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan ɗan littafi ne domin Hakimai da malamansu, da sauran ma'aikata waɗanda aikinsu ya ke kai su ƙauyuka bisa babur. Dalilin shirya shi kuwa shi ne, akwai wata al'ada ga masu Basfa da sauran babura irinta, watau su kai wa bakanike ya ƙara wa injin ƙarfi. Abin ba laifi ba ne idan an yi shi bisa ƙa'ida. Amma sau da yawa a kan ɗaura sababbin kaya, a biya kuɗi, a hau a kama hanya, ba a daidaita sauran sassan injin da sabon ƙarfin ba. Ƙarshen abin ya kan zama ɗayan uku: ko injin ya cije ana cikin gudu mahayi ya faɗi, ko a yi hasarar kuɗin da aka kashe, ko kuwa mai babur da bakanike su gurfana gaban Hakimi kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Wanda ya karanta bayanin da ke biye zai san abin da ya kamata ya tambayi bakanike, zai kuma iya gane mai gaskiya idan ƙara ta zo gabansa.

1. Asalin wannan babur

Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya shi ya fara ƙera Vespa, wadda mu ke kira Basfa, a garin Pontedera cikin 1946. Wani injiniyan jirgin sama mai suna Corradino D'Ascanio shi ya tsara ta. A 1947 kamfanin Innocenti na birnin Milan ya fito da kishiyarta, Lambretta. Daga baya aka riƙa ƙera irinsu a Indiya, inda kamfanonin Bajaj da LML suka yi suna a kan wannan aiki. A 1977 Piaggio ya fito da samfurin da a ke kira PX, wanda aka riƙa ƙerawa da girma iri-iri, har da 125, da 150, da 200. Da wannan samfuri za a yi misali a nan, gama shi ne kanikawa suka fi sabawa da shi. Amma ƙa'idodin ɗaya ne ga kowane inji mai bugu biyu, har da ƙaramin janareto da a ke haɗa wa fetur da mai.

2. Yadda inji mai bugu biyu ya ke aiki

A cikin injin akwai silinda, watau wani ƙarfe mai rami kamar turmi. Fistin yana hawa yana sauka a cikinsa. Sa'ad da fistin ya ke hawa, ya kan yi aiki biyu gaba ɗaya: a samansa yana matse iska da fetur da suka riga suka shiga, a ƙarƙashinsa kuwa yana zuƙo sababbi daga kafireto zuwa cikin akwatin injin. Da ya kusa ƙurewa sai fulogi ya ba da wuta, haɗin ya kama, ya tunkuɗo fistin ƙasa da ƙarfi. Yana sauka sai ya buɗe ƙofar da hayaƙi ke fita zuwa salansa, sa'an nan ya buɗe ƙofofin da sabon haɗi ke bi ya hau sama. Hawa ɗaya da sauka ɗaya, aiki ya cika. Shi ya sa a ke ce masa mai bugu biyu.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan. Na ɗaya, irin wannan inji yana kama wuta a kowane juyi. Idan yana juyi 6,000 a minti guda, wuta na tashi a kan fistin sau 100 ke nan a kowace daƙiƙa, ba hutu. Na biyu, ba shi da wurin ajiye baƙin mai a ƙarƙashin fistin kamar injin mota. Man da ke shafe fistin da silinda tare da fetur ya ke shigowa. Fetur ɗin kansa kuma, sa'ad da ya ke zama tururi, yana sanyaya fistin. Saboda haka duk abin da ya rage fetur, ya rage mai, ya kuma rage sanyi. Wannan shi ne tushen dukan abin da za a faɗa nan gaba.

3. Abin da a ke nufi da ƙara ƙarfi

Girman inji da cc a ke auna shi. Cc 1,000 shi ne lita guda. Faɗin ramin silindar PX 125 milimita 52.5 ne, na PX 150 kuwa 57.8, fistin kuma yana tafiyar milimita 57 a dukansu biyu. Kamfanoni irin su Polini da Malossi da Pinasco na Italiya suna ƙera manyan silinda da a ke ɗaurawa a madadin na asali. Wanda aka fi sani shi ne mai faɗin milimita 63, wanda ke mai da injin cc 177. Ga mai PX 150 ƙari ne na kusan kashi 19 cikin 100, ga mai PX 125 kuwa ya haura kashi 40.

Waɗansu kuma su kan sake salansa. A inji mai bugu biyu salansa ba rage ƙara kaɗai ta ke yi ba. Wani injiniya na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden, ya nuna tun shekarun 1950 cewa idan aka ƙera ta da wani fasali, bugun hayaƙin da kansa zai taimaka wajen cika silinda da sabon haɗi. Waɗansu su kan sa babban kafireto, waɗansu su huda iyakilina don iska ta ƙaru.

Kowane ɗaya cikin waɗannan yana sa injin ya shaƙi iska fiye da dā. To, kowa ya san dokin da aka ƙara wa sukuwa tilas a ƙara masa dawa da ruwa. Wanda ya ƙara aiki ya bar abinci yadda ya ke, ya san abin da zai tarar a barga. Haka inji ya ke. Fetur yana ƙonewa sarai idan nauyin iska ya kai ninki 14.7 na nauyinsa. Amma inji mai bugu biyu da ke aiki da dukan ƙarfinsa ya fi son kamar ninki 12 zuwa 13, watau fetur ya ɗan fi yawa, don ya sami sanyi. Idan fetur ya yi yawa ƙwarai, babur zai yi nauyi, ya yi hayaƙi, fulogi ya riƙa mutuwa. Wannan hasarar fulogi ce kawai. Idan kuwa fetur ya kasa, zafi zai hau, fistin ya kumbura ya cije a cikin silinda, ko ya huje. Da sanholo a ke yin fistin, shi kuwa yana narkewa a digiri 660, yana kuma yin laushi tun bai kai nan ba. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, injin da fetur ya ɗan kasa masa ya kan yi zaƙin gudu, ya yi ƙara mai daɗi, har mai shi ya yaba wa bakanike, ana jimawa kaɗan ya cije.

4. Abin da za a duba kafin a taɓa kafireto

Kanikawa da yawa da kafireto su ke farawa. Wannan kuskure ne, gama akwai abubuwa huɗu da ke gabansa.

Na farko, kada iska ta sami ɓarauniyar hanya. Idan gaskit ya yage, ko robar da ke toshe gefen sandar injin ta bushe, ko an ɗaure kafireto da ƙarfi har gindinsa ya karkace, iska za ta shiga ba ta bi ta kafireto ba, haɗi ya tsinke. Alamarsa ita ce, idan an saki totur injin ba ya sauka da wuri, ko ya riƙa hawa da kansa yana tsaye. Ba jet ɗin da zai magance wannan. Sai an toshe kafar.

Na biyu, hanyar fetur. Babban inji ya fi shan mai, saboda haka a wanke tanki, a duba famfon fetur da rariyarsa, da 'yar kafar da ke jikin murfin tanki wadda iska ke shiga ta ciki. Idan fetur ba ya sauka da isasshen gudu, kafireto zai ƙafe a doguwar hanya ko da an sa masa jet mafi girma.

Na uku, zaman fistin. Akwai alamar kibiya a kansa, ita kuwa ƙofar salansa ta ke fuskanta. A auna tazarar bakin ringi a cikin silinda kafin a ɗaura, a gwada da abin da takardar kamfani ta faɗa, domin ringi yana miƙewa idan ya yi zafi, in bai sami wuri ba sai ya kankare silinda.

Na huɗu, tazarar da ke tsakanin gefen kan fistin da murfin silinda sa'ad da fistin ya ƙure sama. Ga yadda a ke auna ta. A sami wayar dalma irin ta masu gyaran rediyo, a lanƙwasa ta, a zura ta kafar fulogi har ta taɓa bangon silinda, a juya injin da hannu fistin ya matse ta, sa'an nan a zaro a auna kaurin inda ta baje. Ga yawancin irin waɗannan silinda a kan nemi milimita 1 zuwa 1.5, amma takardar da ta zo da kayan ita ce alƙali. Idan tazarar ta yi kaɗan fistin na iya dukan murfi, matsi kuma ya yi yawa. Idan ta yi yawa wuta ba za ta ci da kyau ba. Da kaurin gaskit a ke gyara ta.

5. Lokacin wuta

Fulogi ba ya jira fistin ya ƙure sama, ya kan ba da wuta kafin nan kaɗan, domin haɗin yana bukatar lokaci kafin ya kama duka. Da digiri a ke auna wannan rigaye, bisa lissafin juyi guda digiri 360 ne. A PX 125 da 150 masu wutar zamani kamfani ya sa digiri 18, a PX 200 kuwa digiri 23. A jikin farantin wuta akwai alamu biyu: IT ita ce ta 18, A ita ce ta 23.

Babban silinda ya fi matse haɗi, haɗin da aka matse ƙwarai kuwa ya fi saurin ci. Saboda haka bayan ƙarin ƙarfi ba a ƙara rigayen wuta, sai dai a bar shi ko a rage. Yawancin masu ƙera waɗannan kaya digiri 17 zuwa 18 su ke so. Mai PX 200 da ya sa babban silinda ya bar wutarsa a kan 23 yana wasa da fistin ɗinsa. Idan wuta ta yi rigaye da yawa za a ji wata ƙara siririya a kan injin, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman wajen hawan tudu. Kowa ya ji wannan ya saki totur nan take, gama haɗin fashewa ya ke yi maimakon ya ci sannu, shi ne kuma ke huda fistin. Idan kuwa wuta ta makara da yawa, babur zai rasa ƙarfi, salansa ta yi zafi fiye da kima.

Ba a dogara ga ido ko kunne a wannan aiki. Akwai wata fitila mai walƙiya da a ke haɗawa da wayar fulogi, a haska bisa alamar da ke jikin faifan injin yana juyi. Ita ke nuna gaskiyar inda wuta ta ke. Tsofaffin babura masu kwantak kuwa, a fara daidaita tazarar kwantak, milimita 0.3 zuwa 0.5, gama idan ta sake lokacin wuta ma ya sake.

6. Fulogi da mai

Fulogi iri-iri ne. Akwai mai riƙe zafi, akwai mai saurin zubar da shi. A fulogin NGK, gwargwadon girman lamba gwargwadon sanyinsa: 8 ya fi 7 sanyi, 7 ya fi 6. A na Bosch lissafin a juye ya ke. Injin da aka ƙara wa ƙarfi ya kan bukaci a matsa mataki guda wajen sanyi, musamman ga mai doguwar tafiya. A kuma lura da tsawon zare. PX 125 da 150 gajeren zare su ke ɗauka da murfinsu na asali, PX 200 kuwa dogo. Sabon murfi na iya bambanta da tsohon, sai a duba. Dogon fulogi a gajeren rami yana iya taɓa fistin. Tazarar bakin fulogi kuwa milimita 0.6 ce.

Game da mai, ƙa'idar PX ita ce kashi 2 cikin 100, watau mililita 20 na man 2T ga kowace lita ta fetur, ko mililita 100 ga lita 5. Tsofaffin Basfa na shekarun farko kashi 5 su ke sha, kada a rikita su da waɗannan. A auna da ma'auni, ba da murfin kwalba ko ƙiyasin ido ba. Kada kuma a zuba baƙin man mota, balle wanda aka juye daga wani inji. Ba a yi shi don ya ƙone ba, toka ya ke bari a kan fistin, ya toshe ƙofar salansa, ya maƙale ringi. Akwai kuma masu tsammanin yawan mai shi ne kāriya. Su sani man yana bin kafar da fetur ke bi ne, kowane ɗigon mai da aka ƙara ya tare wurin ɗigon fetur. Saboda haka a tsai da ma'auni guda tun kafin a daidaita kafireto, a kuma zauna a kansa. Baburan da ke da tankin mai dabam da famfon da ke haɗawa da kansa, a tabbata famfon yana aiki kafin a tashi injin.

7. Daidaita kafireto

PX 125 da 150 suna ɗauke da kafireton Dell'Orto samfurin SI 20/20, PX 200 kuwa SI 24/24. A cikinsa akwai waɗansu 'yan ƙusoshin tagulla masu kafa a tsakiya, su a ke kira jet. Ƙaramin jet shi ke ciyar da inji sa'ad da ya ke tsaye da farkon murɗa totur. Babban jet shi ke da iko idan an buɗe totur sosai, shi ne kuma ke tsare ran injin a kan babbar hanya.

Lambar da ke jikin babban jet faɗin kafarsa ce. Lamba 100 milimita guda ke nan, lamba 110 milimita 1.1. Bambancin kamar ba kome ba ne, amma sararin kafar 110 ya fi na 100 da kashi 21 cikin 100. Babban jet na asali a PX 150 yana wajen lamba 100, na PX 200 wajen 116 zuwa 118. Wanda ya ɗaura silindar cc 177 ya kan bukaci ƙarin lamba goma ko fiye, idan ya haɗa da sabuwar salansa kuma ya ƙara gaba. Ba lamba ɗaya da ta dace da kowane babur, kowa ya ce akwai, bai san aikin ba. Kuma kada a yarda bakanike ya faɗaɗa jet da allura ko waya, domin daga nan lambar da ke jikinsa ta zama ƙarya, ba mai sanin abin da ya ke sha.

Ƙa'idar aikin ita ce a fara daga sama a sauko. A sa jet wanda an san ya yi girma. A ɗumama injin, a hau shimfiɗaɗɗiyar hanya wadda ba jama'a ba dabbobi, a buɗe totur duka a giya ta uku. Idan fetur ya yi yawa injin zai riƙa in'ina, ya ƙi kai ƙarshen muryarsa. Sai a rage lamba biyu ko uku, a sake gwadawa. A yi ta haka har in'inar ta ɗauke. Jet na farko da injin ya wanke murya da shi, nan a ke tsayawa, ba a ƙara sauka neman gudu.

Sa'an nan a tambayi fulogi, gama shi ne shaidan da ya ga abin da ya faru a ciki. A yi gudu da totur a buɗe kamar rabin kilomita, sai a kama kuloci a kashe injin lokaci guda, a gangara a tsaya, kada a bar shi ya yi aiki a tsaye. In ya huce a kwance fulogi a dubi farin tangaran ɗin da ke cikinsa har gindi. Idan launinsa ya yi kamar soyayyar gyaɗa, haɗi ya yi daidai. Idan baƙi ne mai kunkunniya ko danshi, fetur ya yi yawa. Idan fari ne fat ko toka-toka, fetur ya kasa, a koma babban jet kafin a sake hawa. Idan aka ga waɗansu 'yan ɗigo masu ƙyalli a jikinsa, naman fistin ne ya fara narkewa, sai a tsai da aiki a buɗe injin.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da cok. Ana cikin tafiya da inji mai ɗumi, a ɗan ja cok. Idan babur ya ƙara lafiya, yunwar fetur ya ke ji a wannan mataki na totur. Idan ya shaƙe, yana samun abin da ya ishe shi.

Bayan babban jet sai ƙarami. Lamba biyu ce a jikinsa, misali 55/160: ta farko ta fetur ce, ta biyu ta iska. A bayan kafireto akwai sukurun haɗi. A ɗaure shi a hankali har ya zauna, kada a matsa, sa'an nan a kwance shi zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, gwargwadon irin zarensa. Kwancewa ƙara fetur ne, ɗaurewa ragewa. A riƙa juya shi kwata-kwata har injin ya zauna lafiya, ya amsa totur ba tare da shaƙewa ba, ya kuma sauko da wuri idan an saki. Kada a raina wannan mataki, domin injuna da yawa ba a tsakiyar gudu su ke cijewa ba, sai lokacin da mahayi ya saki totur bayan doguwar tafiya, inji na da zafi, ƙaramin jet kaɗai ke ba shi mai.

Kafireton SI ba shi da allura. Manyan da a kan sa a madadinsa, irin su PHBH, suna da ita, ita ce mai iko da tsakiyar totur: a ɗaga ta fetur ya ƙaru, a sauke ta ya ragu. A kowane hali dai abu guda a ke sakewa a lokaci guda, a gwada, a rubuta. Wanda ya sake uku tare ba zai san wanda ya gyara ba, ba zai san wanda ya ɓata ba.

8. Horon sabon silinda

Ba a ɗaura wa ɗan doki sirdi yau a kai shi hawan salla gobe. Sabon fistin da ringi suna bukatar su goge da silinda su zauna. A ba su kilomita 500 zuwa 1,000, ko abin da takardar kamfani ta ce. Cikin wannan lokaci kada a wuce kashi biyu cikin uku na totur, kada a daɗe bisa gudu guda, kada a ɗauki kaya mai nauyi, kada kuma a ja tudu da babbar giya inji yana nishi. A bar jet ya ɗan fi girma, gwajin buɗe totur duka kuwa a jinkirta shi sai horo ya yi nisa. Bayan tafiyar farko, in injin ya huce sarai, a sake ɗaure notocin murfin silinda, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa mai fuskantarta. Sannu ba ta hana zuwa.

9. Yanayi da tudu

Kafireto ba ya sanin rani ko damina. Iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi. Tsakanin tsakar ranar bazara mai digiri 40 da asubahin hunturu mai digiri 15 akwai bambancin kamar kashi 8 cikin 100. Saboda haka baburin da aka daidaita ƙi-da-ƙi a watan Afrilu zai iya jin yunwar fetur da sassafe a watan Janairu. Haka kuma iska tana raguwa kamar kashi 1 cikin 100 a kowane hawan mita 100. Kano tana kamar mita 480 bisa teku, Jos kuwa ta haura mita 1,200. Wanda aka daidaita masa babur a Kano ya hau Jos, nauyi kaɗai zai ji. Wanda aka daidaita masa a kan tudun Jos ya gangaro ƙasa, shi ke cikin haɗari, ya kamata ya ƙara lamba biyu ko uku.

Ƙurar hunturu kuma abokiyar gāba ce. Wanda ya cire iyakilina don neman gudu ya buɗe wa yashi ƙofa, ya kuma tsinka haɗinsa. A riƙa wanke ta a kai a kai. Murfin da ke rufe silinda shi ke bi da iskar fanka bisa haƙarƙarin injin; kada a yi tafiya ba shi, ko da ta nan da kasuwa ce. A kuma guji fetur na gefen hanya wanda ba a san asalinsa ba, domin wanda aka gauraya da kananzir yana kawo ƙarar tsakuwar nan da aka ambata.

10. Tsare rai

A doguwar gangara kada a rufe totur a bar giya tana jan inji, gama fistin na gudu ba mai. A riƙa kama kuloci ana ɗan murɗa totur. Idan ana cikin gudu aka ji ƙarfi ya ɗauke farat ɗaya, ko muryar injin ta bushe, a kama kuloci nan da nan. Shi ke raba tayar baya da injin da ya cije, ya hana ta tirjewa. Mahayin kirki yatsunsa ba sa nisa da kuloci.

A tuna kuma an ƙara wa inji ƙarfi ne, ba a ƙara wa birki ba. Tayar PX inci 10 ce kawai, rami kaɗan ya ishe ta. A duba birki da taya da farantan kuloci, waɗanda kan fara zamewa idan ƙarfi ya ƙaru. A sa hular kwano. A kuma nemi bayani a ofishin lasin da wurin masu inshora game da sake girman inji, don takardu su dace da abin da a ke hawa.

11. Roƙo ga Hakimai da malamansu

Ana roƙon Hakimai su gargaɗi ma'aikatansu da dagatai da masu unguwa, kada kowa ya karɓi babur daga hannun bakanike sai an gwada shi a gabansa, an kwance fulogi ya gani da idonsa. Ana roƙon malamai su taimaki wanda bai iya rubutu ba, a rubuta yarjejeniya kafin a fara aiki: sunan silindar da za a ɗaura da girmanta, lambar babban jet da ƙarami, digirin wuta, lambar fulogi, ma'aunin mai, da kuɗin da aka yi ciniki. Kowa ya riƙe kwafi, tsofaffin kayan kuma a mayar wa mai su.

Idan ƙara ta zo, wannan takarda da fistin ɗin da ya lalace su ne shaidu, sai a kira wani bakanike amintacce wanda ba ruwansa da rigimar ya duba. Idan aka tarar da jet na asali a ƙarƙashin babban silinda, ko wuta ta wuce abin da kamfani ya faɗa, aikin bakanike bai cika ba. Idan kuwa lambobin sun dace da takarda, amma aka tarar tanki ba mai a cikin fetur ɗinsa, ko an cire iyakilina, ko an yi tsere tun horo bai ƙare ba, to mai babur ya nemi laifi a wurin kansa. Sau da yawa kuma za a ga kowa na da rabonsa, sulhu ya fi.

Wanda baburinsa ke kai shi inda ya ke so lafiya, ba tilas ne ya ƙara masa kome ba. Wankin kafireto da sabon fulogi da mai na kirki su kan komo da ƙarfin da a ke tsammanin ya tafi. Wanda kuwa ya ƙudura sai ya ƙara, to ya cika aikin har ƙarshe, gama rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.